Mafarkin gidanmu da maciji ya hana ni barci, ku ba ni shawara

Maman Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe a cikinku ina karatu ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai abin ya ishe ni. Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Malumfashi, aure ya kawo ni Fatakwal, shekara bakwai ke nan. Mahaifiyata ta rasu bara waccan. Tun shigowar watan nan nake yin wani mafarki, na daren jiya shi ne na huɗu, kuma kusan duk iri ɗaya ne.

Sai in gan ni na shiga zauren gidanmu, har ƙanshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa ina ji. In wuce tsakar gida, in tarar da Inna zaune bakin murhu tana tankaɗe, da zanen nan nata mai ruwan ƙasa da ta fi so. In yi sallama, ba ta ɗagowa. Autanmu kuma, wanda yanzu har ya tsayar da gemu, a mafarkin yaro ne ɗan shekara uku, yana wasa da gwangwani kusa da randa. Daga bayan randar sai wani baƙin gamsheƙa ya fito, ya fasa kai, yana nufarsa a hankali. Ina so in yi ihu murya ta ƙi fita, ina so in ruga ƙafafuna kamar an ɗaura musu turmi. Inna kuwa tankaɗenta kawai take yi. Nan nake farkawa, jikina sharkaf da gumi, ƙirjina na dukan uku-uku.

Na gaya wa wata maƙwabciyata, ta ce maciji a cikin gida maƙiyi ne na cikin gida, in duba wa ya rage a gidan bayan Inna. To matar Babanmu ce ta rage. Tun da ta faɗi haka hankalina bai kwanta ba. Don Allah masu sani ku taimaka min.

Goggon Yara:
Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Mu a tasowarmu, in mamaci ya yawaita zuwar wa mutum a barci, sadaka ake yi masa, ko waina ce ko ƙosai, a raba wa almajirai ranar Juma'a, a bi shi da addu'a. Ki yi wannan, ba ki da asara. Amma maganar maƙwabciyarki, ki yi hattara da ita kada ta faɗo miki a ƙafa. Matar da ba ta taɓa taka gidanku ba, ba ta san matar babanki ko a hoto ba, daga jin mafarki har ta nuna miki mai laifi? Na ga gidan da irin wannan magana ta raba, 'ya'yan ɗaki biyu har yau ba sa zuwa sunan juna.

Sani Mai Shayi:
Goggo ki yi haƙuri, amma ba a raina mafarkin maciji. Ni ganau ne. Akwai shekarar da na yi mafarki maciji ya naɗe a ƙarƙashin teburina, inda nake ajiye kwalin madara. Ban ɗauke shi a bakin komai ba. Ba a yi sati biyu ba yaron da na ɗauko daga garinmu, ɗan ƙanwar matata, ya kwashe cinikin kwana tara ya gudu. A ƙarƙashin teburin nan kuma gwangwanin kuɗin yake. Littafin fassarar mafarki na Ibn Sirin ma ai haka ya ce, maciji maƙiyi ne, in a gida aka gan shi to na jiki ne. 'Yar'uwa ki tashi tsaye, ki nemi wanda zai duba miki.

Abu Hanif:
Bismillah. Allah ya gafarta wa mahaifiyarki, ƙanwata. Bari mu fara da abin da ya tabbata kafin mu je ga abin da ake cewa.

A hadisin Abu Huraira da ke cikin Muslim, Annabi (SAW) ya kasa mafarki gida uku: na gari wanda bushara ce daga Allah, da wanda Shaiɗan ke kawowa don ya jefa mutum cikin baƙin ciki, da wanda zancen zuci ne, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa a ransa ya biyo shi barci. Mu kuwa mun mayar da kowane mafarki kashi na farko, ko kifi mutum ya gani sai ya nemi fassara.

Wanda ya ga abin da yake ƙi, an koya masa abin yi: ya yi tofi mara yawu sau uku ta hagunsa, ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da ya gani, ya juya kwanciya zuwa ɗaya ɓangaren, in ya iya ya tashi ya yi salla, kuma kada ya ba kowa labari. An yi alkawarin ba zai cutar da shi ba. Kada ki ɗauka ke kaɗai ce abin ya taɓa girgizawa. A Bukhari, Abu Salama ya ce yakan yi mafarkin da ke sa shi rashin lafiya, har ya ji sahabi Abu Ƙatada yana cewa shi ma haka yake, sai da ya ji wannan koyarwar daga bakin Annabi. Akwai kuma baƙauyen da ya zo ya ce ya ga an sare kansa yana bin kan da gudu. Ba a fassara masa ba, cewa aka yi kada ya riƙa ba mutane labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi a barci.

Ba ina zarginki ba ne don kin faɗa a nan, damuwa ce ta sa, kuma neman shawara kike. Amma ki duba abin da ya faru da kika gaya wa mutum ɗaya kacal: kin kwanta da tsoron maciji, kin tashi da zargin matar mahaifinki. Zato kuwa Alƙur'ani ya ce sashensa zunubi ne. Babu alƙalin da zai karɓi mafarki a matsayin shaida a kan akuya, balle a kan mutuncin musulma.

Sani Mai Shayi:
Malam na ji, amma Annabi Yusuf fa? Ba mafarkin sarki ya fassara ba, shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, har aka tsira daga yunwa? Kuma nawa da ya tabbata fa, shi ma zancen zuci ne?

Abu Hanif:
Malam Sani, ban musa maka cewa akwai mafarkin gaskiya ba, ya tabbata cewa mafarki na gari yanki ɗaya ne daga yanki 46 na annabci. Saboda girmansa ne ma ba kowa ke sa masa baki ba. An ruwaito cewa an tambayi Imamu Malik ko kowa zai iya fassara mafarki, ya ce da annabci ake wasa?

Littafin da kake magana a kai, wanda ake sayarwa a bakin masallatai, malamai da yawa sun yi shakkar cewa Ibn Sirin ne ya rubuta shi da hannunsa. Shi mutumin Basra ne, ya rasu shekara ta 110 bayan hijira, an dai tattara maganganu daga baya an jingina masa. Kuma ko labaran da ake bayarwa a kansa ba sa goyon bayan fassarar jeri, wai maciji kaza ne, ruwa kaza ne. Ana cewa mutum biyu sun zo masa kowanne ya yi mafarkin yana kiran salla, ya ce wa ɗaya zai yi hajji, ya ce wa ɗayan ɓarawo ne. Mafarki ɗaya, mutane biyu, don ya dubi halin kowannensu. To yaya maƙwabciya a Fatakwal za ta yanke wa wata mata hukunci a ƙasar Katsina?

Naka kuwa, ka tambayi kanka tsakani da Allah: kafin mafarkin, ba ka fara lura ciniki yana raguwa ba? Sau da yawa ido ya riga ya gani, zuciya ce ba ta so ta yarda saboda ɗan'uwa ne.

Sani Mai Shayi:
Gaskiya na ɗan fara ganin giɓi a kuɗin burodi. Amma duk da haka ni dai ban yarda banza ne ba.

Ɗan Maraɗi:
Ni direba ne, Maraɗi zuwa Kwatano nake yi, wani lokaci in yi wata biyu ban ga iyalina ba. Abin da na lura da shi, ban taɓa yin mafarkin gidan da na gina da kuɗina ba. Kullum gidan kakana ne a ƙauye, wanda ya rushe tun ina saurayi, da rumbuna uku da bishiyar aduwa a bayansa. Kuma kura ce tawa, ba maciji ba. Ina jin kukanta a bayan danga, ina ƙoƙarin tura ƙyauren kara ya ƙi rufuwa, 'ya'yana na ciki. Alhali 'ya'yana ba su taɓa ganin gidan ba, ni kuma ban taɓa ganin kura a daji ba sai a hannun gardawa ranar kasuwa. Kakata ce dai ta cika mu da tatsuniyar kura da dare. In na yi waya gida na ji muryar yara sai in yi kwanaki ban gan ta ba.

Ɗalibar Likita:
Anti Maman Sadiya, sannu. Ina shekarar ƙarshe a karatun likita, bari in ƙara da ɓangaren jiki, ba don in ture maganar Malam ba.

Barci ba shimfiɗa ɗaya ba ne, zagaye yake yi, kowane zagaye kamar minti 90, sau huɗu ko biyar a dare. A kowane zagaye akwai lokacin da idon mai barci ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsa, ƙwaƙwalwa na aiki kusan kamar a farke. Wasu masu bincike biyu, Aserinsky da Kleitman, suka gano wannan a jami'ar Shikago a 1953. A nan ne ake yin mafarkai masu kama da gaske, kuma wannan lokacin ya fi tsawo gab da asuba, shi ya sa yawanci mugun mafarki kan tayar da mutum a ƙarshen dare.

Abin da kika ce na ƙafafu kamar an ɗaura turmi da murya da ta ƙi fita, kusan kowa ya san shi. A daidai wannan lokacin ƙwaƙwalwa kan saki tsokokin jiki su mutu murus, ban da na numfashi da na ido, don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. In kuma mutum ya farka kafin jiki ya dawo, shi ne abin da muke kira dannau: ido biyu, ana ganin ɗaki, amma ko yatsa ba ya ɗaguwa, wani har ya ga inuwa a kansa. Yana da ban tsoro ƙwarai, amma cikin daƙiƙoƙi ko mintoci kaɗan yake saki.

Me ya sa maciji, kura, kare, ba tunkiya ba? Wani masani ɗan ƙasar Finlan, Antti Revonsuo, ya kawo ra'ayi a shekarar 2000 cewa mafarki kamar filin atisaye ne da ƙwaƙwalwa ke gwada haɗari a cikinsa, shi ya sa kora da farmakin dabbobi suka yi yawa a mafarkin mutane, musamman yara. Ra'ayi ne, akwai masu ja da shi, amma ya yi daidai da abin da Baba Ɗan Maraɗi ya faɗa: abin tsoro a waje, wanda kake ƙauna a ciki, kai kuma a tsakiya.

Tambayoyina: kina zazzaɓi kwanan nan? Kin fara wani sabon magani? Zazzaɓin cizon sauro da wasu magunguna, irin su meflokwin da ake sha don zazzaɓin, suna kawo mafarkai masu ƙarfi. Sannan, ki gafarce ni, ko akwai juna biyu?

Maman Sadiya:
Ikon Allah. Babu zazzaɓi, maganin ƙarin jini kawai nake sha. Amma e, wata shida ke nan. Kuma wannan ne cikin farko da zan haifa babu Inna. Na Sadiya da na ƙaninta duk gida na je wankan jego, ita ta yi min komai, har kunun kanwa da hannunta take dama min. Wallahi ina rubuta wannan hawaye na zuba, ban taɓa haɗa abin da mafarkin ba.

Goggon Yara:
Allah sarki 'yar nan. To ai ga shi nan kin faɗa da bakinki. Ciki ya tsufa, zuciya tana neman uwa, ta je gida ta same ta a inda ta saba samunta, bakin murhu. Rashin ɗagowar nan da ta yi kada ki ɗauke shi fushi. Ni tawa uwar ta shekara 19 da rasuwa, har yau in na gan ta ba ta cika magana ba, tana dai harkarta. Na ma daina jin tsoro, murna nake in na tashi, don na ga fuskarta.

Ɗalibar Likita:
Haka ne Goggo. Masu ciki, musamman a watannin ƙarshe, suna yawan ba da labarin mafarkai masu tayar da hankali, da yawa kuma a kan yaro cikin haɗari. Wani dalilin shi ne yawan farkawa, fitsari, motsin ɗa, ciwon baya. Wanda ya farka a tsakiyar mafarki shi ke tuna shi dalla-dalla, wanda ya zarce da barci ya manta. Anti ki faɗa wa ma'aikaciyar awo cewa barcinki ya lalace, ba ƙaramar magana ba ce ga mai ciki.

Bintu Gusau:
Ni na karanta duka, na rasa ko in yi magana. Mu ba aure ko fatauci ya raba mu da gida ba, 'yan bindiga ne suka tashe mu, shekara uku ke nan muna Gusau a ɗakin haya. Mafarkina karnuka ne. Manya, baƙaƙe, idanunsu kamar fitilar babur, sun kewaye gidanmu suna shinshina ƙofa. Ina tattara yara ina ƙirgawa, kullum sai in ga babu ɗaya, in sake ƙirgawa, babu ɗaya. A zahiri duk mun fito da rai, alhamdu lillahi, amma a mafarki ban taɓa cika su ba. Ina yin azkar, ina karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi in shafe jikina da na yara, ina kwana da alwala. Wani lokaci ya yi sauƙi, wani lokaci sati guda a jere. Babban ɗana mai shekara goma sha ɗaya shi ma yana zabura da dare yana cewa a kashe fitila za su gan mu. An kai ni wurin wani mai magani ya ce aljanin daji ne ya biyo mu, ya karɓi kuɗin da na tara na haya, babu abin da ya canza. Ni na san abin da ya biyo mu, ba sai an gaya min ba. Abin da nake so in sani, yana ƙarewa kuwa?

Abu Hanif:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar'uwa Bintu, Allah ya mayar da ku gidajenku cikin aminci. Ki ci gaba da azkar ɗinki, kuma kada wani ya ce miki raunin imani ne ya sa bai tafi ba. Neman magani ba ya karo da tawakkali. Likita, wannan naki ne.

Ɗalibar Likita:
Anti Bintu, naki daban yake da na Maman Sadiya, kuma sananne ne a asibiti. Wanda ya ga tashin hankali irin wannan, ƙwaƙwalwarsa kan ci gaba da gadi ko bayan haɗarin ya wuce, sai abin ya riƙa dawowa a barci. Ba hauka ba ne, rauni ne kamar na jiki, kuma ana samun sauƙi da magani. Ki je babban asibiti ki ce kina son ganin likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara, ke da yaron. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kware ta jihar Sakkwato da Barnawa a Kaduna in an tura ku gaba.

Akwai kuma wata hanya da masu wannan aiki ke koyarwa: da rana tsaka, hankali kwance, ki zauna ki sake tsara mafarkin a ranki da wani ƙarshe. Misali kin ƙirga yara sun cika, gari ya waye, karnukan sun juya. Ki maimaita shi mintoci kaɗan kullum. An gwada ta a kan masu yawan mugun mafarki an ga tana rage shi. Amma tunda naki yana da tushe mai nauyi, ya fi kyau ki fara ta tare da ma'aikacin lafiya.

Bintu Gusau:
Na gode. Ban taɓa tunanin ana zuwa asibiti don mafarki ba. Zan fara kai yaron.

Nas Ɗan Tangale:
Allah ya ba ku lafiya Bintu. Ni kuma bari in ja ku zuwa macijin da ba na mafarki ba, don tun ɗazu ana ta neman ma'anarsa, ni kuwa a wurinmu ma'anar maciji maciji ne. Ma'aikacin jinya ne ni a kudancin Gombe, kusa da Kaltungo inda asibitin masu saran maciji yake. Da damina da lokacin girbi ake kawo su, manoma da makiyaya da yara masu tsintar itace, yawanci kububuwa ce. Ƙarama ce amma dafinta hana jini daskarewa yake, sai ka ga dasashi na zubar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2017, kuma ƙiyasinta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara a duniya.

Maman Sadiya, duk wanda ya tashi a ƙauye ya san bayan randa wurin sanyi ne da laima, kwaɗi na zuwa, maciji na bin su. Ina kyautata zaton tun kina yarinya an sha ce miki ki duba kafin ki miƙa hannu. Ba daga sama mafarkinki ya ɗauko wurin ba. In za ki yi waya gida, ki ce a share ciyawa da tarkace a gindin katanga da rumbu, a toshe ramukan ɓera, a riƙa fita da tocila da takalmi da dare, a kwana cikin gidan sauro a cusa gefensa. In tsautsayi ya faɗa, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, a hana wurin motsi a garzaya asibiti. In gamsheƙa ya yi tofi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take kafin a tafi.

Maman Sadiya:
'Yan'uwa na dawo, kwana uku ban leƙo ba. Akwai abin da ban faɗa muku ba da farko. Tun ranar sadakar arba'in ɗin Inna ban ƙara magana da matar Babanmu ba, Umma muke ce mata. Saɓani muka samu a kan kayan ɗakin Inna, kwalla da tasoshi, na ga kamar ta yi saurin taɓa su. In na kira Baba sai in ce ya gaishe da mutan gida, shi ke nan. Shi ya sa da maƙwabciyata ta yi maganar nan ta samu wurin zama a raina.

Shekaranjiya bayan la'asar na daure na kira lambarta. Da ta ji muryata sai ta yi shiru, sannan ta fashe da kuka, ta ce ta ɗauka na yafe ta ke nan har abada. Mun fi awa muna magana. Kayan Inna ashe suna nan ta ɗaure su cikin buhu a ɗakinta, ta ce ta kwashe su ne don ɗakin Inna yana yoyo, ba ta so su yi tsatsa, tana jira in zo mu raba da Auta. Da daminar bana ma bangon ɗakin ta wajen randa ya zube, Baba ya hana a gaya min saboda halin da nake ciki. Auta lafiyarsa ƙalau, yana Kano yana tuƙa adaidaita, na kira shi shi ma.

Sai ta tambaye ni wata nawa, na gaya mata. Ta ce to wa zai yi miki wanka? Na ce ban sani ba Umma. Ta ce in maigidana ya yarda in taho gida, in kuma tafiyar ta yi nisa ita za ta biyo mota ta zo, ba ta taɓa wuce Zariya ba amma za ta zo. Na kasa ce mata komai.

Sadakar da Goggo ta ce na yi ta ranar Juma'a. Saƙon Nas ma na isar, Baba ya ce dama ɓaraguzan bangon na nan a tare, zai sa yara su kwashe.

Sani Mai Shayi:
Allahu akbar. To kun gani, bango ya zube daidai wurin randar da ta gani. Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa an nuna mata wani abu ne. Amma na janye maganar a nemi mai dubawa, da ta bi ta tawa da an zalunci baiwar Allah. Allah ya yafe min.

Abu Hanif:
Amin, Malam Sani, ya yafe mana baki ɗaya. Ko an nuna mata ko ba a nuna ba, Allah ne masani, ni ba zan yanke ba. Ƙanwata, ki roƙi Umma gafarar zaton da kika yi mata ko da ba ki faɗa mata dalili ba, kuma maƙwabciyar nan kada ki ƙara kai mata mafarki.

Goggon Yara:
Ki bar ta ta zo 'yata, kada ki hau doguwar hanya da tsohon ciki. Ki aika mata kuɗin mota da wuri, kuma a samu wanda zai rako ta, hanyar da nisa ga wadda ba ta saba ba.

Maman Sadiya:
To Goggo, haka maigidan ma ya ce, Auta zai rako ta. Daren jiya na sake ganin gidan. Inna na nan bakin murhu, ba ta ɗago ba, na kuma duba bayan randa ina jiran ya fito sai kiran assalatu ya tashe ni. Na yi tofi ta hagu duk da haka. Bintu, don Allah in kin kai yaron ki dawo ki gaya mana yadda kuka yi, tun ranar nake sa ku a addu'a.